Rumbun da Yaya Sani Ke Son Rushewa

Assalamu alaikum Baba, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji.

Bayan gaisuwa, da ka ga abin da ɗanka ke yi a ofis a Ƙanƙara, da ka riƙe baki. Wani abokin aikina ya ba ni 'yan ƙwallayen mayen ƙarfe, kowace kamar ƙwayar dawa, suna manne wa juna da kansu. Wai na rage gajiya ne. Shi mota da hasumiya yake ƙerawa da su. Ni kuwa, ɗan magini, ko me na faro sai ya koma rumbu.

Zobe nake yi in ɗora kan zobe, ciki ya buɗe, sannan in riƙa rage ƙwallo don baki ya tsuke. Nan yake watse mini kullum, don garajena yana nan yadda ka bar shi. Sai in ji muryarka a garinmu Pauwa, hannunka dumu-dumu da laka: "Kai Lawal, bar shi ya sha iska! Ina za ka da sauri haka?"

Ga abin da ya sa na rubuto. Cikin rumbunan da ka gina, ɗaya ya rage, damina kuma ta tsaga shi. Yaya Sani na son a rushe a yi sito na bulo da kwano. Yana da gaskiya, yanzu a buhu ake ajiye hatsi. Ya ce ba zai taɓa ba sai na yarda, ni kuma na yi ta ja masa rai, ina fakewa da aiki.

Ranar da rumbuna na tebur ya tsaya, na yi murna kamar yaro. Da na jujjuya shi sai murnar ta koma ciki. Sumul yake, ba wanda zai ce hannuna ne ya yi shi.

Asabar da ta wuce na je gida, na kafa tsani na shiga rumbunka. Ashe ba ka taɓa shafe cikin ba. Shatin yatsunka na nan a laka, zagaye bayan zagaye har sama. Na sa nawa a ciki, Baba, sai na ga sun fi naka girma. Ni da nake ganin hannunka ya isa ya rufe mini fuska. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba.

Na ce wa Yaya ya gina sitonsa, amma a gefe. Ya ce to wa zai ɗinke tsagar? Na ce ni. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya tafi aron jakin da zai ɗebo ƙasa.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya yafe maka, Ya haɗa mu a Aljanna.

Ɗanka mai garaje,
Lawal