Tozon da Aka Hana Ni

Yendi, daren Talata

Shekara da shekaru Hajiya tana kwashe man da ke saman miyata da ludayi, tun da likita ya ce jinina ya hau. Ni da na tsufa a mahauta, tozo sai dai in hango a kwanon wani! In na yi magana, a ce rigimar tsufa ce.

To, yau Allah ya kama su. Autata Rakiya mai karatun nas ta zo daga Bawku. Muna cin tuwo ta ce ƙwaƙwalwar mutum cike take da kitse, kuma akwai abubuwan gina jiki da ba sa shiga jini sai da mai. Na ajiye loma na ce, "Maimaita, mamanki ta ji!"

Ta yi dariya ta ce, "Baba, man gyaɗa da na kifi nake nufi, ba tozo ba."

Ni dai kitse kitse ne. Murna ta hana ni barci. Gobe zan sayo tozo in dire gaban Hajiya. In ƙwaƙwalwata kitse ce, da me suke so in ciyar da ita? Wani ya ba ni amsa!