Mijina Ya Fasa Wa Yayana Kai, Asibiti Kuma Sai Da Fasfo

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don girman Allah ka rufe sunana, akwai mutanen unguwarmu a gurup ɗin nan. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku taimaka ku yi da wuri, abin nawa ba mai jira ba ne.

Ni matar aure ce 'yar Kano, muna zaune a Guangzhou da maigidana da 'yarmu ƙarama, a wani dogon bene bayan titin Huanshi Lu. Aikinsa rakiyar 'yan kasuwarmu ne, ya kai su kasuwar Shisanhang su sayi tufafi, ya yi musu ciniki, ya haɗa musu lodi zuwa gida, su ba shi la'ada. Ni ba mai fita ba ce, karatuna ma bai yi nisa ba, kicin ɗina da sallata sun ishe ni. Amma kunne Allah Ya ba ni, ko Sinancin da ban iya ba in an yi shi da fushi ina ganewa.

Mutanen gida in sun ji an ce Chaina gani suke kuɗi muke sharewa da tsintsiya. Wallahi ba haka ba ne. Ɗaki biyu ne da falo kamar akurki, amma duk sanda za a sabunta haya sai lawban, wato mai gidan, ya ƙara. Naman halal ya yi tsadar da nake yanka shi sirara kamar zan yi kilishi. Ga makarantar yarinya, ga sabunta biza, ga naira ta faɗi baƙi sun ragu, waɗanda suka zo ma sai sun ja da shi a kan la'adar. Mutumin da na sani da fara'a ya koma in na ce iskar gas ta ƙare sai ya kalle ni kamar ni na shanye ta.

Ana cikin haka yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, ya zo sarin kaya ya sauka a wurinmu. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar Babanmu, shi ya ba da aurena. Na yi murna har da kuka. Sai kayansa suka samu matsala, ya ce ba zai koma hannu rabbana ba, yau ne gobe ne har bizarsa ta ƙare yana nan. Maigidana ya san hatsarin ajiye wanda ba shi da takarda, amma ta yaya zai dubi wan matarsa ya ce ya fita? Kunya ta hana shi, sai ya riƙa sauke fushin a kaina cikin ɗaki.

Shi kuwa Yaya hali irin na gida, duk wanda ya gamu da shi a masallaci sai ya ce, "Zo mu je gidan ƙanwata, akwai tuwo." Sai in ga an shigo min da mutum huɗu biyar, ni kuma ba zan iya ce wa baƙo babu ba, in ƙara ruwa a miya in zauna da yunwa. Kuma kowa a waje yake tuɓe takalmi kamar yadda muka saba, su taru tuli a bakin ƙofa. Ashe wata tsohuwa da ƙofarta ke kallon tamu hoton takalman take ɗauka tana tura wa lawban. Ranar Juma'a da hantsi ya zo yana nuna hoton a waya yana ihu, wai mun mai da masa gida otal, ko mu ƙara kuɗi ko mu tashi, in ba haka ba zai kira 'yan sanda su duba fasfon kowa. Maigidana yana ta ba shi haƙuri yana sunkuyar da kai, ni ina bayan ƙofa ina jin komai.

Bayan an sauko daga masallaci sai ga Yaya da baƙi uku. Maigidana ya tare su a ƙofa ya ce yau babu abinci, su yi haƙuri. Baƙin suka juya sum-sum. Yaya ya shigo ya ce an tozarta shi a gaban mutane, ya ce da ya san matsiyaci zai ba ƙanwarsa da bai bayar ba. Maigidana ya ce matsiyaci shi ne wanda ya zo ya tare a gidan ƙanwa yana rabon tuwon da bai sayi garinsa ba. Kafin in ajiye ludayi Yaya ya kwaɗa masa mari. Suka kama kokawa, teburi ya kife, tukunyar miya ta zubo min a ƙafa, na shiga tsakani wani ya mangare ni a baki, har yau ban san hannun waye ba. Yaya ya shaƙe maigidana da bango har idonsa ya fito, shi kuma ya laluba ya samu ƙaramar kujerar ƙarfe ya maka masa a ka. Ƙarar har yanzu tana kunnena. Yaya ya zube, jini ya wanke masa fuska ya jiƙe babbar rigarsa, 'yata tana tsaye a bakin ɗaki ko kuka ta kasa. Maigidana ya tsaya yana kallon hannunsa, ya ɗauki jakarsa ya fita, tun ranar a siton da yake haɗa lodi yake kwana.

Wata maƙwabciyata 'yar Maraɗi ta zo ta wanke ciwon ta ɗaure da ɗankwali, ta ce min, "Ƙanwata, wannan ba aikin gida ba ne, sai lopital." To asibiti fasfo suke fara tambaya. In na kai shi za a ga biza ta mutu, ana iya tsare shi a kore shi, kayansa su salwanta, mu ma da muka ajiye shi ba za mu tsira ba. In kuma aka tambayi wanda ya yi masa rauni, uban 'yata ne zai tafi gidan yari. Maigidana ya kira ya ce in kai shi amma in ce a matattakala ya faɗi. Yaya ya ce in na kai shi bai yafe min ba, in kuma aka kai shi dole to gaskiya zai faɗa ko za a ɗaure kowa. Hajiyarmu kullum tana kira tana cewa in ba ta shi a bidiyo, na ce yana kasuwa har na rasa ƙaryar da zan yi.

Jiya ya fara amai, wurin ya kumbura yana wari, jikinsa zafi kamar garwashi. Yanzu da nake rubutun nan yana kwance a falo yana magana da Baba, yana ce masa ya jira shi ya sa takalmi.

'Yan uwa me zan yi? In kira mota in kai shi ko da zai tsine min, mijina ya shiga hannu? In an tambaye ni in yi rantsuwar ƙarya ko in nuna uban 'yata? In akwai likita ko wanda ya san dokar ƙasar nan a cikinku, don Allah ya yi magana yau, ban san ko gobe Yaya zai gane ni ba.