Ƙafata Lafiyarta Ƙalau, Birkina Aka Ba da Aro

Zuwa ga Mai girma Sarkin Makanikan Zango, Kwatano, da dattawan ƙungiyarsa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da aiki. Ni ce Hajiya Asabe mai leshi ta kasuwar Misebo, ƙawar kakarka, Allah ya jiƙanta. In ka manta ni, ni ban manta ka ba. Ni na riƙe ka ranar askin sunanka, ka yi mini fitsari a sabon zane, ban kai ƙara ko'ina ba. To, yau na zo da ƙara.

Na zo garejinka ba sau ɗaya ba, kullum sai a ce ka fita gwajin mota. Ban san ko motar nan har Gaya kake kai ta ba. Shi ya sa na zauna na rubuta, kuma za a manna takardar a inda kowa zai gani. Karatuna a firamare ya tsaya, in ka ga kuskure ka gyara a ranka, maganar dai ba kuskure a cikinta.

Na ɗaya: yadda aka yi.

Duk Zango an san ni da tuƙi. Tun maigidana Alhaji yana da rai na karɓi farmi, wato lasin tuƙi, lokacin mata masu tuƙi a unguwar nan ba su cika hannu ɗaya ba. Da motar nan nake zuwa shago, da ita nake kai jikata Nana makaranta, da ita nake kwasar tsofaffi irina zuwa suna da ta'aziyya. Ban taɓa taka ko kaza ba.

Da damina ta kama, birkin ya fara kuka. In na taka, sitiyari ya riƙa rawa a hannuna, motar kuma sai ta yi shawara kafin ta tsaya. Ɗana na fari, Baban Nana (ba zan kama sunansa ba, kun san shi), ya ce ba za a yi faci-faci ba. Ya je ya sayo sababbin fayafayan birki, waɗanda kuke kira diski, masu kauri, masu 'yan hudoji don su sha iska, da takalman birki masu kyau, filaket ɗinku ke nan. Ya ce: "Inna, garin nan 'yan zem, masu babur ɗin hayar nan, sun yi yawa, ina so motarki ta riƙa tsayawa kafin ki gama salati."

Muka kai wa Isiyaka, ɗan ƙungiyarka, wanda garejinsa yake bayan masu walda. Ya ɗaura. Zan faɗi gaskiyarsa: ya iya aiki. Motar ta koma yarinya. Da ɗan yatsan ƙafa nake taɓa birki ta tsaya cak, har Nana ta ce in daina, ina zubar mata da kunu.

Bayan 'yan makonni na mayar masa da motar don juyen mai. Juyen mai kawai. Ta wuni a wurinsa. Da na karɓa, kukan nan ya dawo, rawar nan ta dawo. Na koma na gaya masa. Bai ko duba taya ba, ya ce wai yashin damina ne ya shiga, zai fita da kansa. Ya ƙara da cewa wai kunnen tsofaffi yana jin abin da babu. Na yi dariya, don na ɗauka wasan jika da kaka ne.

Na biyu: abin da ya faru a Laji.

Ranar Lahadi na ɗauki Nana muka tafi Laji barkar haihuwa, da kular tuwo a baya. Ka san hanyar nan da take gangarawa bakin ruwa. An yi ruwa da safe. Wani ɗan zem ya tsaya a gabana ba sigina ba komai, kamar yadda suka saba. Na taka birki. Ƙarfe ya ci ƙarfe, ƙiii, motar tana tafiya. Na taka da dukan ƙarfina har duwawuna ya bar kujera, tana tafiya. A gabana ɗan zem da mai ciki a bayansa, a hagu ruwa, a dama teburin wata mai kifi. Na zaɓi kifi.

Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo sai goshin Nana da ya yi ƙulu. Kifi kuwa ya watse har cikin kwata, mai kifin ta zage ni da yaren da ban sani ba, amma na fahimci komai. Na ba ta haƙuri, na biya ta. Wannan ba shi ne ƙarata ba.

Ƙarata ita ce: Baban Nana ya iso a guje, Isiyaka ma ya iso da igiyar jan mota. A gaban jama'a ɗana ya tambaye shi ko birki ne. Isiyaka ya dafa ƙirji ya ce birki sabo ne fil, da hannunsa ya ɗaura, sai dai a duba ƙafar Hajiya, don shekaru ba ƙarya ba ne. Ɗana ya dubi goshin 'yarsa, ya dube ni, ya miƙo hannu ya ce: "Inna, kawo makullin." Na ba shi. Me zan ce? Ni kaina ranar na yi ta kallon ƙafata ina tambayarta ko ta ci amanata.

Tun ranar motar tana tsakar gida an rufe ta da tamfol. Ni Asabe, a shekaruna, zem nake hawa zuwa Misebo, ina riƙe da ƙugun yaron da ban san ubansa ba, mayafina yana tashi kamar tuta. Maƙwabtana na shago in sun gan ni sai su ce direba ta iso. Nana kuma ta daina tambayata yaushe zan kai ta makaranta, an gaya mata Kaka ta tsufa. Wannan ya fi mini ciwo.

Na uku: yadda na gane.

Ranka ya daɗe, akwai abin da ku maza ba ku sani ba game da matan Zango. Mu ba ma fitar da kwano daga gida sai da alama. In ana biki, tukwane da farantai na gida goma suke haɗuwa, da alama kowacce take gane nata. Kakarka gicciye take yi da koren fenti. Ni ɗigo uku nake yi da jan farce, biyu a sama, ɗaya a ƙasa. Tun ina amarya. Yana kan tukwanena, yana kan butata, yana kan takalman jikokina. Ranar da aka kawo faifan nan cikin kwali, na ga abu mai sheƙi kamar faranti zai bar gidana ya tafi hannun maza, hannuna da kansa ya ɗauko kwalbar. Na ɗiga a tsakiya, kusa da hudojin noti, inda takalmin birki ba ya gogawa. Ban gaya wa kowa ba, don ba abin faɗi ba ne.

Makon jiya ina zaune a bakin shago, mai faci na kusa da mu ya cire tayar gaban wata tasi mai zuwa Seme, irin motata ce sak. Ina kallo haka kawai, sai na ga abu ja. Na tashi, na je, na duƙa da wannan gwiwar da aka ce ta mutu. Ɗigo uku. Zafi ya ɗan sa sun yi duhu, amma ko a cikin duhun kabari na san hannuna.

Direban ya fara da rantsuwa. Na ce masa ya bar Allah ya huta, ya gaya mini inda ya samo farantina. Daga baya ya yi ƙasa da murya ya ce ranar da zai kai motarsa bizit, wurin da ake duba lafiyar mota kafin a ba ta takarda, birkinsa ba zai wuce ba. Isiyaka ya cire nawa ya ɗaura masa haya, ya mayar mini da tsofaffin da ya ajiye a ƙarƙashin benci. Wai da yamma za a mayar. Da direban ya ji daɗin birkin sai ya ƙara masa wani abu, Isiyaka ya ce ya riƙe tukuna, ai tsohuwa ba ta gudu, ba za ta gane ba.

Ya kuma ce mini ba Isiyaka kaɗai ba ne, haka ake yi: taya, fitila, birki, duk ana ara daga motar da ta kwana a gareji, a je a wuce bizit, a dawo a mayar. Wai taimakon juna ne. Mu ma muna aron tukunya, ranka ya daɗe, amma da sanin mai ita, kuma ba ma ara alhali tana kan wuta. Birki ake ba da aro? Da jikata a cikin motar? In da ban zaɓi teburin kifi ba, yau wa za ku ba haƙuri, kuma a bakin wane ruwa?

Na gaya wa Baban Nana. Ya ce: "Inna, jan farce ai kowace mace tana da shi." Yana tsammanin dabara ce ta karɓar makulli, kuma ban ga laifinsa ba, ya san uwarsa. Na ce a cire tayar motata a gani, ya ce makaniken da za a kira ma ɗan ƙungiyarku ne, ba zai tona ɗan'uwansa ba. Direban kuma ya ce ba zai maimaita a gaban kowa ba, yana tsoron takardarsa. Saboda haka bakin da ya ɓata ni, shi nake so ya wanke ni, kuma kai kaɗai kake iya buɗe shi.

Na huɗu: abin da nake nema.

Ka kira Isiyaka ya karɓo fayafayaina da takalmansu. In takalman sun cinye a hanyar Seme, ya sayo irinsu, ba na bakin titi ba. Ya zo gidana ya ɗaura da rana tsaka, ina zaune a kan kujerata ina kallo.

Ku dattawa ku zauna ku hana wannan aron. In ba za ku iya hana na fitila ba, ku hana na birki. Wanda kuma aka cire wa kaya, a ba shi tsofaffinsa a hannu ya tafi da su, kada su kwana a ƙarƙashin benci suna jiran wata tsohuwar.

Isiyaka ya tsaya a tsakar gidana, a gaban ɗana, a gaban Nana, ya faɗa da irin muryar da ya yi magana a Laji cewa ƙafata ba ta da laifi. Ba na son kuɗinsa, ba na son a rufe garejinsa, matarsa tana da goyo. Makullina nake so.

Sai kuma gwaji, tunda kai mai son gwajin mota ne. Bayan ya gama ɗaurawa, za mu fita layinmu. Kai za ka zauna a gaba kusa da ni, Baban Nana a baya. Isiyaka kuma ya je tsakiyar hanya ya tsaya, ya harɗe hannu. Zan taho daga bakin masallaci, in taka birki a gabansa. Ƙafata dai na yarda da ita. In shi ma ya yarda da aikinsa, ba abin da zai sa ya motsa.

Allah ya ƙara maka lafiya da girma, ya raya maka zuriya, ya ba ka ikon faɗa wa naka gaskiya. Allah ya sa duk motar da 'ya'yanka za su shiga, birkinta nata ne. Ina jiranka ranar Asabar bayan la'asar, ka zo da yunwa, zan yi tuwo. Kwanon da za a zuba maka yana da ɗigo uku a gindi, ka cinye ka bar mini abina.

Wassalam.

Kakarka,
Hajiya Asabe mai leshi,
Zango, Kwatano.