Kukar Hanyar Rijiya

Jos, 9 ga Yuni, 1929

Yaya Maniru,

Bayan gaisuwa, ina fatan Inna da Yahanasu suna lafiya. Ni alhamdu lillahi. Idona ya daina ganin ƙananan haruffa, maɗaba'a ta sallame ni, amma kada Inna ta ji. Allah ya musanya mini da kula da filin golf, wasan Turawan nan da na koya a Zungeru. Har na koma bugawa. Sai yanzu na gane hikimar filin: ba a baje tudu, binsa ake yi. An bar ni na tsara sashe guda, na shimfiɗa shi kamar hanyar rijiyarmu ta Barkiya, ina takawa kullum. Saura wurin dasa itace. Yaya, kukar nan, dama take ko hagu? Wallahi na manta.

Ƙanenka,
Hadi