Reshen Durumin Ƙofar Gida

Litinin, 13 ga Afrilu, 1959

Shamuwa sun dawo. Sun sauka a durumin ƙofar gidanmu, daidai reshen da nake zama ƙarƙashinsa in yi ɗinki. Duk unguwa murna, wai ruwa ya kusa. Ni kuwa farar rigar Alhaji Aƙilu na Ƙofar Gayan ce a cinyata, aska takwas, kuma kafin Babbar Salla yake sonta. Tsuntsu bai san riga ba. Reshen nan sai ya sauka.

Asabar, 18 ga Afrilu

Ƙanena Jibril, malamin makaranta, ya kwaso mini 'yan ƙungiyarsu ta masu kallon tsuntsaye. Manya da gemu, sun tsaya baki sake suna kallon sama kamar masu neman wata. Shugabansu Malam Harold ne na Wusasa, mutum mai ladabi, ban ƙi shi ba. Ya ce shamuwa na cinye farar da ke ɓarna a gonaki, kuma ana ta sare itatuwan birni, wuraren sheƙarsu na ƙarewa. Na ce to su kai su Wusasa, ai akwai fili. Ya yi dariya, ni ban yi ba.

Sun hau tsani sun ɗaura tsofaffin kwanduna a rassan, wai don sheƙa ta zauna. Gida ma ake gina musu, a ƙofata.

Laraba, 29 ga Afrilu

Kashi a kafaɗar rigar. Na wanke, tabo ya zauna.

Juma'a, 1 ga Mayu

Bayan masallaci na ga Mika'ilu masassaƙi, na yi masa maganar sare reshen. Ya ce yana da aikin turame a ƙauye, in ya dawo zai zo da gatari. Jibril ya ji, ya zo da magariba. "Yaya, akwai ƙwai a ciki fa," in ji shi. Na ce akwai zare na wata uku a rigata. Ya ce in matsa da tabarma cikin zaure. Zaure! Wa ke ganin kafar allura a zaure? A nan Baba ya yi ɗinki, a nan nake yi, kuma ni ne babba a gidan nan. Ya fita bai ci tuwo ba. Zai huce.

Asabar, 16 ga Mayu

Sun zo kuma. Malam Harold ya ce uwa da uba ne ke karɓa-karɓar kwanci. Ai na riga shi sani, wuni nake a wurin. Ban dai faɗa ba.

Matata Maimuna ta ce tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa jin an kori shamuwa ba. Na ce bana za ta ji.

Alhamis, 4 ga Yuni

Hadari da la'asar, iska kamar za ta ɗauke birni. Ina naɗe riga sai kwando ɗaya ya karkace, wani abu ya faɗo tim a gefen tabarma. Ɗan shamuwa ne. Mummuna, ba gashin kirki, sai baki da ciki. Jibril bai taso daga makaranta ba, kan titi ba kowa, karen maƙwabta kuma ya taso.

Na ɗauke shi. Zuciyarsa na bugawa a tafin hannuna, da sauri, da ɗumi. Tausayi ya kama ni, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Na sa shi a hula, na jingina tsani, na hau cikin ruwan nan, ni da gwiwar da ke ƙara ko a sujada. Na daidaita kwandon na ɗaure da rawanina. Uwar na tsaye a reshe tana kallona, ko na gode.

Da na sauko, riga na kwance cikin taɓo.

Juma'a, 5 ga Yuni

Maimuna ta wanke rigar, ta fita, sai tabon kafaɗa. Zan ƙara aiki a wurin in rufe shi, Alhaji zai ɗauka gwaninta ce. Gwanintar ce ma.

Jibril ya ga rawani a sama, ya dube ni, ya buɗe baki. Na ce in ya faɗa wa Malam Harold, ni da shi ne.

Talata, 9 ga Yuni

Mika'ilu ya zo da hantsi, gatari a kafaɗa, ya wasa shi sai ƙyalli. Ya tambayi wane reshe. Na nuna. Ya tofa yawu a hannu. A sama ɗan banzan nan ya miƙo wuya yana kukan abinci.

Na ce ya dakata. Ba fasawa na yi ba, ni ba na magana biyu. Cewa na yi ya dawo in sun tashi, ya kuma turo mini mai zana a kafa 'yar rumfa a kan tabarmata.

Da dare Jibril ya ce, a hankali, "Yaya, ka san in sun tashi, baɗi reshen nan dai za su dawo."

Na ce ya miƙo mini miya.