Faifan Hotunan Baba

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da maigidanki da yara, da fatan kowa lafiya. Na ba direban da ke kawo maganin Baba wannan takarda ne saboda duk wayar da muka yi kwanan nan da faɗa take ƙarewa, ni kuwa ƙarfin faɗan ya ƙare mini.

Tsohuwar kwamfutar situdiyon ɗaukar hoto na Baba ce ba lafiya. Faifan ajiyarta ya fara wani ƙas-ƙas kamar ɓera a cikin kwali, jim kaɗan ta daskare. Duk hotunan da Baba ya ɗauka a rayuwarsa suna ciki, har da tsofaffin da muka mayar cikin kwamfuta kafin yoyon rufi ya ci kwalayen. Babu kwafinsu a ko'ina.

Abin da ba ki sani ba, tun da mantuwarsa ta yi tsanani, hotunan nan ne maganinsa na gaske. Kullum da yamma nakan zaunar da shi a kujerar masu jiran hoto, in riƙa wuce masa su ɗaya bayan ɗaya. Ni da nake yi masa wanka bai san ni ba, "malam" yake ce mini, amma mutumin da ya ɗauka tun ban fara tafiya ba sai ya faɗi sunansa har da sana'arsa. In muka zo kan hotunan marigayiya Inna sai ya natsu, ranar kuwa lafiya lau zai yi barci.

Na gwada kwashewa zuwa filas, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, sai an yi nisa ta tsaya cak. Mai gyaran bakin layi ya ce sai an samo wata kwamfutar a ɗauki kwafin faifan dungurungum. Ya nuna mini uku. Akwai laftof mai sheƙi, akwai wata 'yar mitsitsiya kamar tafin hannu wadda ta fi arha, sai wani ƙaramin baƙin akwati irin na ofis, na hannu, mummuna, duk jikinsa tabo. Kin san ƙarancin wuri a situdiyo, aljihuna ma kin san shi. Tunda gyaran kwamfuta ne aikinki, wacce zan ɗauka?

Ki huta lafiya.
Ƙaninki, Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ka gaishe mini da Baba.

Kafin ka gama karanta wannan layi, je ka kashe kwamfutar nan, ka zare wayarta daga bango. Faifan da ya fara wannan ƙara kwanansa ya kusa ƙarewa, duk kunnawar da ka yi kana cin sauran ransa ne. Kwashe-kwashen da kake yi ma wahalar da shi kake, don kan allurarsa sai ya yi ta kai da komowa yana neman kowane hoto. Mai gyara ya yi gaskiya. A karance shi daga farko zuwa ƙarshe, sau ɗaya, da sauri, a zuba a sabon faifai.

Na san ka da son abu mai ƙyalli tun kana yaro, to ka cire ido daga laftof ɗin. A wannan aiki ba ƙarfin kwamfuta ake dubawa ba, ƙofofinta ake dubawa. 'Yar mitsitsiyar nan, abin da ke shiga da abin da ke fita duk ta hanya guda suke bi, sai ta wuni ta kwana ba ta gama ba, faifanmu kuwa ba shi da wannan numfashin. Ka sa a buɗe maka mummunan akwatin. In akwai gurbi biyu a ciki da za a jona faifai kai tsaye, kuma fankarsa na juyawa, shi za ka ɗauka. Ka ari batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta.

Kada ka kunna tsohuwar, ko Baba ya yi kuka.

Yayarka

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa, da fatan kin tashi lafiya.

"Ko Baba ya yi kuka." Rubuta shi da sauƙi daga inda kike. Na kashe kamar yadda kika ce, na yi ta yi masa ƙaryar babu wuta, alhali ƙwan fitila na ci a saman kansa. Ya daina cin abincin kirki. Shekaranjiya ina ɗaukar wata mata hoton fasfo, na juyo babu shi. A bakin titi mai shagon taya ya tare mini shi, takalmi ƙafa ɗaya, wai ya fito neman Inna, ta daɗe a kasuwa.

Don haka na kunna. Ki yi faɗan in kin ga dama. Sau ɗaya ne, kuma kai tsaye na kai shi kan hotunanta. Kin san ba su da yawa, mutumin da ya ɗauki rabin gari amma matarsa da ta ga kyamara sai ta rufe fuska. Wanda take tsaye a ƙofar situdiyo tana dariya ya fi so. Ya kalla, ya ci abinci, ya kwanta. Ƙarar kuwa ta ƙaru, yanzu har daga waje ana ji.

Akwatin yana da gurbi biyun da kika ce, amma kebul ɗaya ne a ciki, mai gyara kuma kullum sai ya ce mini gobe. Mitsitsiyar kuwa tana nan a shirye, yau in na so. Wallahi na gaji, Yaya. Raina yana ce mini in ɗauke ta kawai a wuce wurin.

Auta

*

Ƙanina,

Ina gaishe ka, kuma sannu da ɗawainiya. Ba zan yi faɗa ba. Da ni ce a wurin da tuni na kunna.

Ga kebul nan a cikin ledar maganin, da filas mai manhajar ɗaukar kwafi. Na saita ta yadda in ta tarar da wurin da ya lalace za ta tsallake ta ci gaba, ba za ta tsaya tana naci ba. Don Allah ka ƙara haƙuri ka ɗauki akwatin. Ka manna takarda a jikin kowane faifai, ka rubuta TSOHO da SABO, ka duba da kyau kafin ka danna, don in ka juya su, fankon sabon ne zai hau kan hotunan ya shafe komai. Ka fara da safe da sanyi, ka bar murfin a buɗe, ka juyo masa fankar situdiyo.

Ka ce rubutu da sauƙi daga inda nake. Haka ne. Wuni nake ina kwafe faifan mutanen da ban sani ba, na mahaifina kuma na bar maka. Zuwana na ƙarshe ya dube ni ya tambaye ni matar wa ce ni. Tun daga ranar nake tsoron hanyar gidan nan, shi ya sa nake aiko magani da umarni. Ban taɓa faɗa maka ba don kunya nake ji.

Allah ya ba ka lada.
Yayarka

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Na ga saƙo, na gode.

Mummunan akwatin ya yi aikinsa. Na rufe situdiyo, na fara da safe, ina zaune ina kallon layin da ke nuna ci gaban aikin a allo yana tafiya kamar mai gadin mara lafiya. Gudu yake har na yi mamaki. Wajen azahar ya fara tsallake-tsallake, yana gab da ƙarshe tsohon faifan ya yi wata ƙara, ya yi shiru. Mai gyara ya zo ya sa kunne, ya ce shi ke nan. Ya ce da mitsitsiyar na ɗauka da ko rabi ba mu samu ba.

Kusan komai ya fito. Amma wasu hotunan sun taɓu, kuma na Inna a ƙofar situdiyo yana cikinsu. Daga ɗankwali zuwa haɓa tana nan da dariyarta, daga nan zuwa ƙasa toka-toka ne kawai, babu komai. Na zauna ina tunanin ko kunnawar da na yi ce ta jawo, har kaina ya yi ciwo.

Na so in ɓoye masa, amma da yamma ina wuce masa hotuna sai hannuna ya faɗa kansa. Ya matso da fuskarsa dab da allo, ya daɗe yana kallo. Na kai hannu zan wuce, sai ya riƙe mini wuyan hannu, ya yi magana da irin muryar da yake yi mana in muna leƙa ɗakin wankin hoto.

Ya ce, "Kai Auta, kada ka taɓa. Bai gama fitowa ba."

Yaya, Auta ya ce. Na manta rabon da in ji sunan nan a bakinsa.

Yanzu kullum nan yake zama yana jiran sauran hoton ya fito, hankalinsa kwance, ba ya ko kallon ƙofa. Ni ma nakan jawo kujera.

Ƙaninki

*

Auta,

Ina gaishe ku. Akwai manhajar da kan gyara irin wannan hoton, har na sa ta a filas, sai kuma na cire. Ka bar shi yadda yake. Sabon faifan dai ka ƙara yi masa kwafi.

Wannan karon direba ba magani kaɗai zai kawo ba, ina cikin motar. Ka ajiye mini kujera. In ya tambayi ko wace ce, ka ce masa wata ce ta zo karɓar hoto, kuma ta ce za ta jira.

Yayarka