Motar ungozoma tana wuce mu a Alsawra

Zuwa ga Mai Girma Shugaban shirin haɗa kai da ƙungiyoyin unguwanni, ofishin Khartum.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Mu a nan Alsawra ta Umdurman, maigida lafiya, sai ciwon gwiwa. Ƙananan yara lafiya. Surukata ta samu sauƙi. Wadda ba ta da lafiya ita ce 'yata Hauwa'u. Cikinta wata takwas, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga, kai yana sara mata. Saboda ita na ɗauki alƙalami, kuma raina a ɓace yake.

Ni ce marubuciyar ƙungiyar matan layinmu, mu goma sha ɗaya masu dafa abincin takiya, wato tukunyar sadaka ta unguwa. Sai da na haura arba'in na koyi haɗa baƙi, don a Jazira da tsintar auduga na tashi. In hannuna ya karkace, a yi haƙuri.

Na ɗaya. Ma'aikacinku ya kawo mana takarda mai matakai uku, mu zaɓi wanda ya dace da yawan aikin ƙungiyarmu. Na farko, aiki kullum. Na biyu, kwana uku a mako. Na uku, gwargwadon hali. Mu kwana shida muke ɗora tukunya, Juma'a kaɗai muke hutawa. Amma babbarmu Hajiya Asabe ta ce ba a alkawarin kullum a kan abin da yake hannun Allah, kuma ba a shelar sadaka. Haka iyayenmu suka koya mana. Da hannuna na zaɓi na uku. Ma'aikacin yana kallona, ya karɓa ya sa a jaka.

Na biyu. Bai gaya mana cewa motar ungozoma mataki na farko kaɗai take zuwa wa ba. Ba a rubuta a takardar ba. Na karanta ta sau uku da yatsa a kan kowane layi, don na san ni ba mai sauri ba ce. Yanzu duk Talata motar tana bi ta ƙofarmu, ta tsaya a unguwar gaba, wurin ƙungiyar da sau ɗaya take girki a mako amma ta iya cika baki a takarda. Na kai Hauwa'u can a raksha, wato babur mai ƙafa uku, aka ce sunan layinmu ba ya cikin jerin. Muka dawo tana haki.

Na uku. Na ƙetare kogi na zo ofishinku. Wata yarinya a tebur ta ce in muna son a ɗaga mu, mu riƙa aiko da hoton masu karɓar abinci duk rana. Ranka ya daɗe, a layin nan akwai mutumin da kafin yaƙi shagonsa biyu a kasuwa. Yana miƙo kwano yana kallon ƙasa. Shi zan ce wa ya ɗago in ɗauke shi hoto? Ba za mu yi ba.

Don haka ina roƙo. A aiko mutum ba sanarwa, kowace rana ban da Juma'a, ya ga wutarmu da idonsa, a auna mu da abin da ya gani. A rubuta a takardarku abin da kowane mataki yake samu da abin da yake rasawa. Kuma a daina tambayar mace mai ciki matakin ƙungiyar uwarta kafin a auna mata jini.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka ikon yin adalci, ya sauki matan gidanka lafiya.

Ina jiran amsa kafin Talata mai zuwa. In ba ta zo ba, zan shimfiɗa wa Hauwa'u tabarma a tsakiyar hanyar da motar take bi, mu goma sha ɗaya mu zauna kewaye da ita har sai an duba ta.

Wassalam.

Ni ce Maryama, uwar Hauwa'u.